Kura da Shan Bugu: Haƙƙin Ma'aikacin da Aka Jibga wa Aikin Mutum Uku

A kusan kowane ofis, makaranta ko asibiti a Najeriya akwai mutumin da kowa ya san shi ne yake riƙe da wurin. Shi ne na farkon zuwa, shi ne na ƙarshen tashi. Idan manya za su zo daga hedikwata shi ake nema. Idan rahoto ya makara shi ake bugo wa waya, ko da ƙarfe goma na dare ne.

A teburin da ke kusa da nasa kuwa akwai wani mai mataki ɗaya da shi, wanda ba a ganinsa sai ya zo sa hannu a rajista, kafin azahar ya sulale. Ƙarshen wata alat ɗinsu ɗaya. Lokacin ƙarin girma tare ake ɗaga su, wani lokacin ma na biyun ya riga, domin yana da uwa a gindin murhu.

Idan mai shan wahalar ya buɗe baki, amsar da yake samu sananniya ce: ka yi haƙuri, lada kake samu, wasu ma neman aikin suke ba su samu ba. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba ya soke haƙƙi. Albashi farashin lokaci da ƙarfin mutum ne. Wanda aka ninka wa aiki aka bar albashinsa yadda yake, an rage masa albashi ne ba tare da an ba shi takarda ba. Lokaci ya yi da za a daina kallon wannan a matsayin tsegumin ofis, a ɗauke shi a matsayin batun haƙƙin ma'aikata.

Yadda kaya ke taruwa a kan mutum ɗaya

Hanya ta farko ita ce guraben da ba a cikewa. Wani ya yi ritaya, wani ya rasu, wani ya samu aiki a waje, amma aikin da suka bari bai tafi tare da su ba. Sai a ce wa wanda ya rage ya riƙe na ɗan lokaci, ɗan lokacin ya zama shekara uku.

A fannin lafiya abin ya fi fitowa fili. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Marasa lafiyar da suke dubawa suna nan, sun koma layin waɗanda suka tsaya. Tura ta kai bango har ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta umarci mambobinta da su daina yin aikin kwana da ya wuce awa 24 a jere daga watan Oktoban 2025.

Hanya ta biyu ita ce hukunta mai ƙoƙari. Shugaban sashe yana son aiki ya fita da wuri ba tare da ciwon kai ba, saboda haka yana miƙa shi ga wanda ya iya kuma ba ya musu. Malalaci ya gano cewa idan ya ɓata aiki sau biyu ba za a sake ba shi ba. A haka ƙwazo ya zama laifi, lalaci ya zama dabara.

Hanya ta uku ita ce son kai wajen rabon wurin aiki. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Amma ba sabon abu ba ne a tarar da makaranta a cikin gari malamai sun yi yawa har wasu na zaman hira a ƙarƙashin bishiya, alhali a ƙauyen da ke ƙaramar hukuma ɗaya malami guda yana fama da aji biyu ko uku. Matakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya. Bambancin shi ne wanda ya san wani. Ga kuma ma'aikatan bogi, waɗanda sunayensu ke cike gurbi a takardar albashi, aikinsu kuma yana kan wuyan masu rai.

Hanya ta huɗu ta fi yawa a kamfanoni da bankuna: ma'aikatan kwantiragi da ake ɗaukowa ta hannun wani kamfani. Suna zama a kanta ɗaya da ma'aikatan dindindin, sau da yawa su ne ke fuskantar dogon layi, amma albashinsu bai kama ƙafar na abokan zamansu ba, kuma tsoron kora ya hana su ko tari.

Abin da doka ta tanada

Gaskiyar da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani ita ce, babu wani sashe a Dokar Ƙwadago ta Najeriya da ya ce dole a raba aiki daidai wa daida tsakanin abokan aiki. Rabon aiki hurumin shugabanni ne. Sai dai hurumin yana da iyaka.

Sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutacciyar takarda cikin wata uku da fara aiki, wadda ta bayyana irin aikin, albashi, lokutan aiki da hutu. Idan aka sauya wani abu daga sharuɗɗan, dole a sanar da shi a rubuce cikin wata ɗaya. Wannan takarda ita ce ma'auni. Wanda aka ɗauka a matsayin akanta aka wayi gari shi ne mai kula da sito, shi ne mai sayayya, yana da hujjar tambayar a kan wane sharaɗi.

Sashe na 13 ya ce duk awannin da aka sa ma'aikaci ya yi bayan lokacin da aka amince da shi, ƙarin lokaci ne. Wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a rana yana da haƙƙin hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. A cikin kowane kwana bakwai kuma yana da hutun yini guda, awa 24 a jere. Idan aka ci masa wannan hutu, ko dai a rama masa ko a biya shi. Sashe na 18 ya ba shi hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan wata 12 yana aiki.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya yi magana mai daɗin ji a sashe na 17. Ya ce gwamnati ta tabbatar da yanayin aiki na adalci da mutunta ɗan Adam, a kare lafiyar ma'aikata, kuma a biya albashi ɗaya ga aiki iri ɗaya ba tare da wariya ba. A matakin duniya, Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, kan daidaita albashin maza da mata a 1974, da ta 111 kan haramta wariya a wurin aiki a 2002.

Inda dokar ta yi rami

Matsalar ita ce waɗannan tanade-tanade suna da ramuka masu zurfi.

Na farko, Dokar Ƙwadago ba ta faɗi adadin awannin aiki ba. Ta bar wa yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da ubangidansa, ko tsakanin ƙungiya da masu kamfani. Ba ta kuma faɗi nawa za a biya na ƙarin lokaci ba. A ƙasar da matasa ke yawo da takardu suna neman ko wane irin aiki, yarjejeniya tsakanin mai nema da mai bayarwa suna ce kawai. Duk abin da aka rubuta, sa hannu zai yi.

Maƙwabta sun wuce nan. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ƙayyade awa takwas a rana ko awa 40 a mako. A Jamhuriyar Nijar ma awa 40 ne makon aiki a doka. Yarjejeniyar farko da ILO ta taɓa yi, tun 1919, a kan wannan batu ne: awa takwas a rana, 48 a mako a masana'antu. Fiye da shekara ɗari ke nan.

Na biyu, sashe na 91 ya taƙaita ma'anar kalmar ma'aikaci. Ya fitar da masu aikin gudanarwa, shugabanci, fasaha da ƙwararrun sana'o'i. Ma'ana likita, lauya, injiniya da jami'in gudanarwa ba sa cikin inuwar dokar, sai abin da takardar ɗaukarsu aiki ko ƙa'idojin aikin gwamnati suka ba su. Dokar ta samo asali ne tun shekarun 1970, zamanin mulkin soja, lokacin da aka fi tunanin lebura da akawu. Ba ta san zamanin da oga zai turo aiki ta WhatsApp ranar Lahadi da daddare ba.

Na uku, sashe na 17 na kundin tsarin mulki yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi kai-tsaye. Alkawari ne mai kyau, amma ba a riƙe shi shi kaɗai a je gaban alƙali.

Ƙofofi biyu da mutane ba su cika sani ba

Duk da haka hanya ba ta toshe ba. Gyara na uku da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2010 ya ƙara sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron duk wata shari'a ta aiki, har da rashin adalci a mu'amalar aiki da wariya a wurin aiki. Ya kuma ba ta ikon amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Ƙofar kotun a buɗe take ga lebura da ƙwararre baki ɗaya. Tana zama a Abuja, Kano, Kaduna, Jos da wasu biranen, tana kuma da cibiyar sasanci ga wanda ba ya son doguwar shari'a.

Wannan yana da muhimmanci idan rabon aikin yana da wari. Idan kullum 'yan wata ƙabila, wani addini ko wani jinsi ne ake tura wa aiki mai nauyi, ko kuma an jibga wa mutum kaya ne don a ƙuntata masa ya ajiye aiki da kansa, magana ta tashi daga rashin tsari ta koma wariya da cin zali. Kotun ta amince da ƙa'idar cewa wanda aka matsa wa lamba har ya yi murabus, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda aka kora.

Ƙofa ta biyu ita ce Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, inda masu ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya. Mutane da yawa sun ɗauka dokar ta wanda inji ya yanke wa hannu ce kawai. Sashe na 8 ya yi tanadin diyya kan matsananciyar damuwa da aiki ya haifar, idan likitan da aka amince da shi ya tabbatar. Ya ma ambaci yanayin da ubangidan aiki ya sauya tsarin aiki ta yadda ya fi ƙarfin ma'aikaci ba bisa adalci ba. A duk dokokin ƙasar, da wuya a samu wadda ta fi wannan kusantar matsalar. Sai dai akwai wa'adi: a sanar da wurin aiki cikin kwana 14, a shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya.

Kuɗin da jiki ke biya

Masu cewa wahala ba ta kisa su dubi alƙaluma. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da ILO sun fitar da binciken da ya nuna cewa mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da dogon lokacin aiki. Wanda ke yin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40.

Cutarwar ba ta tsaya kan ma'aikacin ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta kwana biyu ba ta runtsa ba ita ce za ta auna wa yaro magani. Direban da aka hana hutu shi ne zai ɗauki fasinja 18 zuwa Legas. Malamin da ke riƙe da aji uku ba zai duba littafin kowa ba. Daga ƙarshe kuma wurin aikin ne ke asara, domin mai ƙoƙarin ko ya tafi, ko ya kwanta ciwo, ko ya koyi halin maƙwabcinsa.

Ba kowane bambanci ne zalunci ba

Adalci ya buƙaci a faɗi ɗaya ɓangaren. Sabon ma'aikaci ba zai ɗauki abin da tsohon hannu ke ɗauka ba. Mai fama da rashin lafiya ko mai buƙata ta musamman ya cancanci sassauci. Dokar Ƙwadago ta ba mai juna biyu hutun mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Wanda ya ga an sassauta wa irin waɗannan ya kama gunaguni, bai yi daidai ba, kuma gobe yana iya zama shi ne mai buƙata.

Akwai kuma aikin da ido ba ya gani. Wani fayil ɗaya yana cin mako guda, wani goma ake gamawa kafin la'asar. Ƙirga takardu kaɗai ba ya nuna wanda ya fi wahala.

Amma sassaucin da doka ta ba wani, nauyinsa yana kan wurin aiki ne, ba kan abokin aikinsa ba. Idan mace ta tafi hutun haihuwa, wajibin shugabanni ne su nemo mai riƙewa, ko su rage aikin, ko su biya wanda ya ɗauka. Jibga wa mutum ɗaya a kyauta shi ne ke haddasa gaba tsakanin mutanen da babu mai laifi a cikinsu.

A nan ne ma'aikata da yawa ke barin jaki suna dukan taiki. Sai a daina gaisawa, a koma habaici da jefa magana a zauren WhatsApp na ofis, alhali wanda ya raba aikin yana zaune lafiya a ofishinsa. Abokin aiki bai ɗauki kowa aiki ba, ba shi ke biyan albashi ba. Ko da malalaci ne, wanda ya ƙyale shi shi ne abin tuhuma.

Matakan da ma'aikaci zai ɗauka

Mataki na farko shi ne rubutu. A ajiye lissafin aikin da aka bayar, ranar da aka bayar, wanda ya bayar da lokacin tashi. Saƙonnin waya da na imel hujja ne, kada a goge. Ƙorafin baki iska ke ɗauke shi.

Na biyu, a koma ga takardar ɗaukar aiki da kundin ƙa'idojin ma'aikata, a ga abin da suka ce kan lokutan aiki, ƙarin lokaci da riƙon muƙami. Wanda ba a taɓa ba shi takarda ba, ya nema.

Na uku, a sami shugaba cikin ladabi da lissafi a hannu, a yi maganar aiki, a bar sunan wane da wane. Tambaya mai amfani ita ce: ga ayyuka biyar, lokacin uku ne ake da shi, wanne za a fara? Idan ba a ga sauyi ba, a rubuta takarda a riƙe kwafi.

Na huɗu, a shigar da ƙungiya. Idan babu, ofisoshin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihohi suna karɓar ƙorafi suna sasantawa. Kotu ita ce matakin ƙarshe, bayan shawarar lauya.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne yin watsi da aiki cikin fushi. Ƙin bin halastaccen umarni na iya jawo takardar tuhuma ko kora, mai gaskiya ya koma mai laifi.

Nauyin da ke kan hukumomi

Ba daidai ba ne a bar ma'aikaci shi kaɗai ya yi wannan yaƙi. An daɗe ana maganar yi wa dokokin ƙwadago garambawul. Majalisar Tarayya ta kammala aikin: a rubuta iyakar awannin mako da lamba, a ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin ƙarin lokaci, a faɗaɗa ma'anar ma'aikaci ta haɗa da ƙwararru, a kuma sa wa'adi ga riƙon aikin wani ba tare da alawus ba.

Gwamnati ta riga ta amince da ƙa'idar. Yarjejeniyarta da ASUU ta 2009 ta ƙunshi alawus na aikin da ya wuce ƙima, likitoci kuma suna da alawus na aikin kwana. Abin da ya halatta ga malamin jami'a bai haramta ga malamin firamare ko akawun ƙaramar hukuma ba.

Shugabannin ma'aikata na tarayya da na jihohi su riƙa auna aiki kafin su raba mutane. WHO tana da tsarin WISN na lissafa yawan ma'aikatan da asibiti ke buƙata gwargwadon marasa lafiyar da yake karɓa. Irin wannan lissafi ne ya kamata ya yanke inda za a tura malami ko ungozoma, ba katin ɗan siyasa ba. Tantance ma'aikata kada ta tsaya kan kama na bogi don rage kuɗin albashi, a cike guraben da mutanen gaske.

NLC da TUC sun yi gwagwarmaya har aka kai mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a 2024. Amma albashi rabin lissafi ne, ɗaya rabin shi ne yawan aikin da ake yi kafin a karɓe shi. Yawan aiki da awanni su shiga teburin tattaunawa kamar yadda kuɗi ke shiga.

Masu kamfanoni, makarantun kuɗi da shaguna kuma su tuna cewa addinin da mafi yawansu ke bi ya hana ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma yi umarni da a taimaka masa idan aikin ya yi nauyi. Jadawalin aiki da aka manna a bango kowa yana gani ba ya cin ko sisi, kuma yana kashe rabin rigima.

Duk shugaban da ke son sanin halin da wurinsa ke ciki, ya tambayi kansa abin da zai faru idan wannan mutum guda da ake dogara da shi bai zo ba gobe. Idan amsar ita ce komai zai tsaya, to ya san wanda ake bin bashi, kuma ya san wanda ya kamata ya biya.